SAYEN NAGARI: Talabijin Na OLED, Wa Ya Dace Ya Saya, Wa Ya Kamata Ya Haƙura?

Tun daga ranar 31 ga watan Oktoba na 1959, lokacin da aka buɗe tashar talabijin ta farko a ƙasar nan a Badun, akwatin talabijin bai daina canja kama ba. Tashar Kaduna ta biyo baya a 1962, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1970 tashar Jos ta soma nuna hoto mai launi. Dattawan da suka riski wancan zamani za su iya tuna akwatin katako mai ƙofa da makulli, wanda sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Yau ga shi an wayi gari ana rataye talabijin a bango kamar allon makaranta, kuma wanda ake yayi a cikinsu, wanda kuma yake cikin mafiya tsada, shi ne wanda ake kira OLED.

Zancensa ya shiga unguwannin Hausawa na Ikko ƙwarai da gaske. A Zangon Agege, da Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12, za a tarar da fataken shanu masu hulɗa da mayankar Oko-Oba, da 'yan canji, da 'yan goro, da 'yan gwari, kowa da dalilinsa na neman sabon akwati. Wani falonsa zai ƙawata, wani uban amarya ne yana haɗa kayan ɗaki, wani tsaraba zai kai gida Kano ko Katsina ko Sakkwato in Salla ta ƙarato, wani kuma gidan kallon ƙwallo zai buɗe. Dukansu kasuwar Alaba ta kan hanyar Badagiri suke nufa, ko kuwa manyan kantunan Ikeja. Kuɗin da za su kashe kuwa ba na wasa ba ne. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, sabon OLED mai inci 55 kuma ya wuce naira miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, watau ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na fiye da wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya kai ga miliyan guda. Abin da ya kai wannan daraja lalle ya cancanci a zauna a yi masa lissafi kafin a sa hannu a aljihu.

YADDA YAKE AIKI

Galibin akwatunan da ke kasuwa, waɗanda ake kira LED, suna da fitilu a bayan gilashinsu. Fitilun nan suna ci muddin akwatin yana kunne, shi kuwa gilashin aikinsa ya tare hasken a wani wuri ya sake shi a wani wuri, ta haka hoto ke fita. To, da yake tarewar ba ta cika, sai haske ya riƙa tsiyayowa, shi ya sa in an nuna dare a cikin fim sai a ga baƙin ya yi toka-toka kamar rigar da ta sha wanki. OLED ba shi da fitila a baya ko ɗaya. Kowane ɗigo na hoton da kansa yake ba da haskensa, kuma a akwati mai ƙarfin hoto na 4K ɗigon nan sun kai 8,294,400, watau 3,840 a kwance sau 2,160 a tsaye. In wurin baƙi ne sai ɗigon ya mutu ɗungum, baƙi ya fito ƙirin, tauraro ɗaya ya haska a gefensa ba tare da hasken ya malala ba. Asirin kyan hotonsa ke nan. Daɗin daɗawa, wanda ya zauna can gefe yana ganin launi kusan daidai da wanda ke tsakiya, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne a falon da maigida ke kan kujera, baƙi na jingine da bango, yara kuma sun baje a kan darduma.

Wasu masana biyu na kamfanin Kodak a Amurka, Ching Tang da Steven Van Slyke, su ne suka bayyana wannan fasaha a 1987. Sai bayan shekara 20 kamfanin Sony ya fitar da talabijin na farko irin wannan a 2007, mai inci 11 kacal, aka kuma sayar da shi dala 2,500 a Amurka. Kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fito da mai inci 55 a 2013, ya riƙe kasuwar shekara da shekaru, har Samsung ya dawo cikinta a 2022 da nasa samfurin da ake kira QD-OLED, wanda ya yi fice wajen kaifin launi.

A nan akwai tarkon da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Harafi ɗaya ne tsakanin OLED da QLED, kuma a jikin kwali haruffan biyu sun yi kama ainun. Akwai kuma ULED da QNED. Waɗannan ukun duka masu fitila a baya ne, kuma ko da yake a cikinsu akwai nagartattu, babu ɗayansu da ya kamata a biya masa kuɗin OLED. Akwatin LG na gaskiya lambarsa da ke manne a baya da kalmar OLED take farawa, sa'an nan yawan inci, sa'an nan harafin aji da lambar shekara. Wanda ya ga OLED55C4 ya san inci 55 ne, ajin C, ƙirar 2024. C3 ta 2023 ce, C5 kuma ta 2025. Wanda ya riƙe wannan kaɗai, da wuya a sayar masa da tsohon yayi a kuɗin sabo.

INDA GIZO KE SAƘA

Kowane gwani da rauninsa. Sinadarin da ke ba da haske a cikin ɗigon nan yana gajiya da aiki, kuma ɗigon da ya fi shan wahala shi ke riga 'yan uwansa dusashewa. In hoto yana motsi yana canjawa, gajiyar sai ta rarrabu ko'ina, ido ba ya ganinta. Amma in akwai abin da ya tsaya cak a wuri ɗaya, kamar tambarin tasha a kusurwa, ko jan layin labarai a ƙasa, ko allon cin ƙwallo a sama, to bayan dubban sa'o'i sai inuwarsa ta zauna a gilashi, ko an canja tasha tana nan. Wannan tabo ba ya gogewa, ba ya wankuwa, maganinsa sai sake gilashi, kuɗin gilashi kuwa shi ne kaso mafi tsoka na kuɗin akwatin.

A 2018 wani kamfanin gwajin kaya na ƙasar Kanada mai suna RTINGS ya jera akwatunan LG guda shida, ya riƙa kunna su sa'a 20 kullum, kowanne da irin abin da yake nunawa. Waɗanda aka bari a kan tashar labarai ta CNN su ne tabo ya fi bayyana a kansu, musamman wanda aka ƙure wa haske, alhali kuwa wanda ke nuna shirye-shirye iri-iri ya daɗe garau. Tun daga lokacin masu ƙira sun ƙara dabaru, akwatin yakan ɗan gusar da hoto kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai gane ba, yakan kuma rage hasken tambari da kansa, saboda haka na yanzu sun fi na da juriya. Duk da haka asalin halin yana nan.

Wannan magana ta shafi gidajen Hausawa kai tsaye. Akwai gidaje da yawa da ake kunna tashar da ke nuna Harami kai tsaye daga Makka tun bayan Asuba, a bar ta har Isha'i, domin albarkar karatun da ke tashi a cikinta. Niyya ce kyakkyawa, amma tambarin tashar da rubutunta a wuri ɗaya suke zaune wuni guda, kuma irin aikin da OLED ya fi ƙi ke nan. Haka shagon aski, da teburin mai shayi, da ofishin ɗan canji inda tashar labarai ke kunne daga safe har dare. Rauni na biyu shi ne haske. In hoton gaba ɗaya fari ne, kamar filin ƙwallo da rana tsaka, OLED yakan rage ƙarfinsa don kare kansa, saboda haka a falo mai manyan tagogi marasa labule mai kauri, akwati mai fitila a baya yakan fi shi fitowa.

KOWA DA KIWON DA YA KARƁE SHI

Wanda ƙarfinsa bai kai can sama ba amma ransa ya biya, ya nemi ajin B na LG ko S85 na Samsung. Baƙinsu ɗaya ne da na manyan, illa dai haskensu bai kai nasu ba, saboda haka ɗakin da ake kallo da dare ya fi dacewa da su. Wata dabarar kuma ita ce sayen ƙirar bara. Bambancin da ke tsakanin ƙirar shekara ɗaya da mai bi mata sau da yawa kaɗan ne, amma da zarar sabuwa ta iso kanti sai farashin tsohuwar ya sauka.

Magidanci mai matsakaicin hali, wanda iyalinsa ke kallon fim da ƙwallo da labarai a cuɗe, ajin C na LG ko S90 na Samsung ne suka fi yi masa daidai, domin a nan ne kyau da farashi suka haɗu. Abu ɗaya da ya raba su shi ne Samsung ba ya karɓar tsarin hoton nan da ake kira Dolby Vision, wanda Netflix ke amfani da shi a finafinai da dama, LG da Sony kuwa suna karɓa. Wanda ba ya kallo ta intanet, wannan bai dame shi ba.

Mai hannu da shuni da ke da babban falo mai haske, shi ne ajin G na LG da S95 na Samsung suka dace da shi, saboda su ne suka fi haske a cikin dangin. An ƙera ajin G ne domin ya lafe a jikin bango, S95 kuma tun daga ƙirar 2024 aka yi masa gilashi marar sheƙi wanda ke rage ƙyallin taga da na ƙwan lantarki. Wanda kuwa yawancin kallonsa tsofaffin finafinan Hausa ne da na Indiya, ko tashoshin da hotonsu bai da kaifi, ya duba Sony, domin an san shi da gwaninta wajen gyara hoto mai rauni, ko da yake farashinsa yakan ɗara na takwarorinsa. Samari masu wasan PlayStation 5 kuma ajin C mai inci 42 ko 48 ya ishe su, tun da yana iya nuna hoto 120 a daƙiƙa ɗaya, kuma kafofinsa huɗu na HDMI duka suna ɗaukar wannan gudu.

Saura waɗanda ya kamata su haƙura. Mai gidan kallon ƙwallo, da mai shago, da gidan da tasha ɗaya ke wuni a kunne, da falon da rana ke shiga, duk waɗannan alherinsu yana ga akwatin da ake kira Mini-LED, irin na Hisense da TCL da sauransu. Haskensa ya fi, ba ya tsoron tambari kamar OLED, kuma kuɗin da zai sayi OLED mai inci 55 sau da yawa zai sayi wanda ya fi shi girma a wannan ajin. Uban amarya ma ya yi tunani. Ɗaki ciki da falo a Agege, inda wuta ke zuwa tana tafiya, ga ƙannen miji da yaran maƙwabta na shige da fice, ba ya bukatar gilashin da kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba. Cin bashi domin a ce kayan ɗakin wance sun fi na wance ya jefa iyaye da yawa cikin ƙunci, alhali rarar kuɗin da ta sayi firji ko keken ɗinki da ta fi amfanar yarinyar.

GIRMA DA ABIN DA ZA A KALLA

Kafin a tafi kasuwa a auna ɗaki. Ƙa'idar da masana ke bayarwa ita ce nisan mai kallo ya kai kamar tsawon gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa sau ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Bisa ga wannan, inci 48 yana son kamar ƙafa 6 da rabi, inci 55 ƙafa 7, inci 65 kusan ƙafa 9, inci 77 kuma ƙafa 10. Faɗin mai inci 55 ya kai ƙafa 4, saboda haka a auna bangon ma, a kuma tabbata ba ya tsattsafo da damina, domin damshi da zafi abokan gaban kayan lantarki ne, Ikko kuwa ba ta rasa ko ɗaya daga cikinsu. Kada kuma a rataye shi inda rana ke dukan gilashin.

Har ila yau mai saye ya tambayi kansa abin da zai kalla. Yawancin tashoshin da ke zuwa ta dikodar DStv da GOtv da StarTimes hotonsu bai kai 4K ba, kuma akwati, komai tsadarsa, ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba. Mai kallon Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in a tashar Arewa24, ko Izzar So a YouTube, zai ga kyau, amma ba zai ga irin hoton da aka nuna masa a kanti ba, domin wancan na musamman ne da kamfani ya shirya don jan ido. Cikakken 4K sai ta intanet, kuma Netflix da kansa ya ce sa'a ɗaya ta irin wannan kallo tana iya cin data har gigabait 7. Sauti kuma, da yake jikin akwatin siriri ne, lasifikarsa ba ta da ƙarfi sosai, don haka mai babban falo ya ware wani abu domin lasifika ta daban.

MAGANAR WUTA

OLED ba mai shan wuta ba ne kamar na'urar sanyaya ɗaki. In an ɗauka akwati yana cin wat 100, ana kunna shi sa'a 6 kullum, yunit 18 ke nan a wata. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, wannan ya kama naira 4,050. Haɗarin yana wajen hawa da saukar wuta, da tsawar damina, da sauyawa daga wutar Ikeja Electric zuwa janareta. Wanda ya iya biyan miliyan a kan akwati, bai kamata ya yi ƙyashin sayen sitabilaiza mai kyau da na'urar kare tsawa ba, in da hali ma ya ɗora shi a kan inbata. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma wata al'ada da tsoron wuta ya koya wa jama'a, watau da an gama kallo sai a kashe daga bango nan take. OLED ba ya son haka. Akwatin LG, alal misali, in ya tara kimanin sa'a 4 yana aiki, to da an kashe shi da rimot yakan ɗauki 'yan mintoci a ɓoye yana daidaita ɗigonsa, kuma wannan aiki yana cikin abin da ke hana tabo zama. In kullum ana yanke masa wuta kafin ya gama, an hana shi shan maganinsa ke nan. A kashe da rimot, a ba shi kamar rubu'in sa'a, sa'an nan a kashe soket.

A CIKIN KASUWA

Gani ya kori ji. Kada a yarda da kwali a rufe. A sa a buɗe a kunna, a duba lambar da ke bayan akwatin ta dace da ta jikin kwali da wadda akwatin ke nunawa a cikin saitinsa. A nemi a nuna hoto baƙi ƙirin, in OLED ne gilashin zai zama kamar an kashe shi. Sa'an nan a nuna ja zalla da toka zalla, domin a kansu ne tabo da mataccen ɗigo suka fi tonuwa. Wannan gwaji wajibi ne ga mai sayen na hannu, wanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, tun da ba a san tashar da ya wuni a kai ba a gidan mai shi na farko. Wanda ya fito daga Amurka kuma a karanta bayansa da kyau, domin wutarsu bolt 120 ce, ta nan ƙasar kuwa 230, in an jona shi haka nan yana iya ƙonewa a take.

A karɓi rasit mai ɗauke da lambar akwatin, a karɓi katin garanti, a tambayi tsawon lokacinsa da wurin da ake kai gyara, a kuma tambaya ko ya haɗa da tabon gilashi, domin sau da yawa ba ya haɗawa. Wanda aka zalunta yana da inda zai kai kuka. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC ta tarayya, Jihar Legas kuma tana da tata mai suna LASCOPA, amma dukansu takarda za su fara nema, wanda ya yi ciniki da baki kawai ya raunana ƙararsa da kansa.

Mai kai tsaraba Arewa kuma ya sani cewa gilashin nan ba ya son a kwantar da shi. A bar shi cikin kwalinsa da sosonsa, a tsaye, a ɗaure shi yadda ba zai yi lilo ba, kada a ɗora masa buhu ko jaka, kada kuma a aza shi a bayan babur daga Alaba zuwa tasha. Tafiyar da ta kai kilomita dubu a bayan mota ba ƙaramin gwaji ba ce ga gilashin da ɗan lanƙwasa kaɗan ke tsagawa, garanti kuwa ba ya biyan abin da ya fashe a hanya. Sau da yawa ma gara mutum ya riƙe kuɗinsa ya saya a wajen wakilin kamfani a Kano ko Kaduna, inda in wani abu ya taso gyara yana kusa da gida.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma nagarin wani ba lalle ne ya zama nagarin wani ba. Wanda ke da ɗaki mai labule, da wuta mai kariya, da kallo iri-iri, da kuɗin da ba na bashi ba, in ya sayi OLED zai daɗe yana jin daɗinsa. Wanda ɗaya daga cikin huɗun nan ya kuɓuce masa, ya sayi daidai ruwa daidai tsaki, ya mai da rarar ga kuɗin makarantar yara ko jarin kasuwa. Allah Ya sa albarka a cikin abin da aka samu.